Prado 120 da jikka 400: na sa jant 20 ko na ƙara girman taya kawai?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'ar katkat, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema wajen manya. Ina da Prado 120 ta 2007, esans 2.7, otomatik, tayoyin da ke ƙafarta 265/65R17 ne kuma duk huɗun sun suɗe, dole dai na sauya kafin damina ta kankama. To sai na ce tunda kuɗin za a kashe su ko ana so ko ba a so, me zai hana na ƙara mata girman ƙafa gaba ɗaya ta ɗan tashi sama ta yi kyan gani. Akwai wani yaro can wajen Sabon Gari ya nuna mini jant 20, wato ƙarfen da taya ke zama a kai mai inci 20, na alminiyam guda huɗu okaziyo, masu walƙiya wallahi, ya ce zai haɗa mini da tayoyin Beljik a kai. Abin da ke hannuna jikka 400 ne ba ƙari. Yawanci cikin gari nake yawo amma ina yawan zuwa Gure, wani lokaci har na wuce arewa wajen dangi inda ba guduro sai rairayi. Me kuka gani?

Ɗan Gayu: Wa alaikumus salam, kai yaya ɗauki jant 20 ɗin nan kafin wani ya riga ka, Prado da 20 ai sai kallo. Ranar hawan sallah ka faka ta bakin fada kowa sai ya waiwaya

Oga Garaj: Ɗan Gayu kai dai ba ka taɓa ba da shawarar da ba ta ƙare a garajina ba, Allah ya ƙara maka lafiya kana kawo mana kasuwa. Alhaji Ɗan Birni tambaya ɗaya tukun, tashi kake so motar ta yi ko kyau kake so? Don ba abu ɗaya ba ne.

Ɗan Birni: Oga duka biyun nake so in da hali, amma gaskiya tashin ya fi damuna, cikinta na shafar rairayi in na bi sawun manyan motoci

Mushe: Bari na shigo da alli na. Mutane da yawa suna zaton in jant ya ƙaru mota ta tashi, alhali abin da ke ɗaga mota tsawon taya ne gaba ɗayanta daga ƙasa zuwa sama. Ga lissafin, kowa na iya yi da wayarshi. 265/65R17: 265 faɗin taya ne a milimita, 65 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, ya ba da milimita 172, gefe biyu ne sama da ƙasa 344 kenan, sai jant inci 17 sau 25.4 ya ba da 432, ka haɗa 776. Wannan ita ce tayarka ta yanzu. To tayar da aka fi ɗorawa a jant 20 na irin motarka 265/50R20 ce, gefenta milimita 132 da rabi, sau biyu 265, jant 508, jimla 773. Ka gani? Ka biya kuɗin jant huɗu motarka ta sauka da kusan milimita ɗaya da rabi, ba ta tashi ba. Abin da ya ƙaru ƙarfe ne, roba ta ragu da santimita huɗu a kowane gefe.

Ɗan Gayu: Mushe ai akwai 275/55R20, wannan ta fi ta ainihi tsawo

Mushe: Gaskiyarka, waccan 810 ce, ta fi da milimita 34. Amma gefenta 151 ne, har yanzu bai kai 172 na tayarshi ta yanzu ba, sannan ka je ka tambayi kuɗinta sabuwa ka dawo ka gaya mana ko jikka 400 za su sayi jant huɗu da ita huɗu, ba a ma yi maganar sakur ba, wato tayar ajiya ta biyar.

Mai Faci Zango: Ni dai abin da nake gani a bakin aiki zan faɗa. Masu jant 20 da 22 su ne kwastomomina na kullum. Rami ɗaya a hanyar Tanut taya ta matse tsakanin jant da bakin guduro gefenta ya kumbura kamar ƙurji, kuma gefen taya ba ya facuwa, ko na liƙa maka yaudarar kai ne. In an yi rashin sa'a jant ɗin ma ya tsage, na alminiyam kuwa in ya tsage sai walda kuma wanda aka yi wa walda ni ba zan ɗora iyalina a kai ba. Na ƙarfe in ya lanƙwashe guduma ce kawai a buga ya koma.

Baba Direba: Salamu alaikum yarana. Na ga ana ta lissafi, ni ban yi lakwal ba amma na ci rairayi tsakanin Damagaram da Agadas da Tesker tun ana tafiya da Land Rover. Ɗan Birni, ɗana, abin da ke fid da mota a rairayi iska ce da kake ragewa, ba girman ƙarfe ba. In ka sauka daga guduro ka sace iska taya ta kwanta, sawunta ya yi tsawo a ƙasa, sai ka ji mota ta hau kan rairayin ta daina tona. To taya mai siririn gefe me za ka sace mata? Kana ragewa kaɗan jant ya sauka ƙasa ko taya ta fice daga bakinta. Mu da 7.50R16 muka yi rayuwa, siririya doguwa, kuma har gobe je ka duba motocin da ke shiga daji da gaske, na soja ne ko na masu aikin rigakafi ko Land Cruiser ɗin ƴan jigila, ka gaya mini nawa ka gani da jant 20.

Ɗan Birni: Allah ya ƙara girma Baba. To ni ma na koma 16 kenan?

Oga Garaj: A'a dakata. Maganar Baba gaskiya ce amma motarshi daban taka daban. Prado 120 ɗin da ta zo da 17 birkin gabanta babba ne, jant 16 da yawa ba sa wucewa, suna taɓa kan birkin. Akwai masu shiga akwai waɗanda ba sa shiga, sai an gwada a ƙafar gaba an juya da hannu. Kuma ko sun shiga wani kuɗin jant ɗin ne dai za ka kashe. Kai da kake da jant 17 na kamfani lafiyayyu guda biyar a hannu, me ya kai ka sayen wasu? Ka bar su inda suke ka ƙara lamba ɗaya a taya, 265/70R17. Shikenan. FJ Cruiser da ita take fitowa daga kamfani kuma ƙashinta ɗaya da Prado 120, ba wani baƙon abu ba ne ga ƙafar.

Mushe: 265/70R17 tana ba da 803, ta fi taka da milimita 27, amma rabi ne ke ɗaga mota tunda ɗaya rabin sama yake cikin gardabu, kusan milimita 13 kenan

Ɗan Gayu: Hahaha santimita ɗaya da ɗigo! Duk wannan surutun a kan santimita ɗaya? Yaya in dai ba za ka sa 20 ba to aƙalla sa 285/70R17 motar ta cika ido

Oga Garaj: Santimita ɗayan nan a ƙarƙashin pon take, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, kuma ba abin da ke ɗaga pon na baya sai taya, ko ka ɗaga jikin mota ya kai rufin soro pon na nan inda yake. Kuma kar ka manta tayoyinshi sun suɗe, sabuwa mai zane mai zurfi da kanta za ta ƙara mishi wani abu a kan lissafin Mushe. Ita 285/70R17 da kake faɗa, eh tana da kyau ban musa ba, 831 ce, mota za ta tashi kusan milimita 27, amma ku ji abin da ke biyo ta. In ka karya sitiyari har ƙarshe musamman da baya-baya za ta goga robar cikin gardabu, ta goga abin tare taɓo, sannan ta kai ga ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai bayan tayar gaba, wannan sai an yanka an yi walda. Ta ciki kuma tana matsowa kusa da hannun sama na ƙafar gaba, sai a ce maka sa faranti a tura taya waje, ka tura ta waje kuma gogar gardabu ta ƙaru, sai a ce ɗaga mota santimita biyar, ka ɗaga kuma kardan na gaba ya karkace robarshi ta fara yagewa da wuri, amortisar ɗinka da suka tsufa su ce su ma a sauya su. Jikka 400 ɗin kafin ka farga sun zama kafin alƙalami. Ga injinka 2.7 ne, dama can ba wani ƙarfi ya ishe shi ba da nauyin Prado, ka ƙara mishi kashi 7 na tsawon taya da nauyin roba sai ka ji bwat tana ta neman bites a ɗan hawa kaɗan, mai kuma ya ƙaru. Da V6 4.0 gare ka da sai na ce to a yi magana.

Ɗan Birni: Oga ita 265/70 ɗin fa ba ta goga ko kaɗan?

Oga Garaj: Yawanci tana shiga lafiya a jant na kamfani. In ta taɓa ma abin tare taɓo ne ko robar ciki, ya danganta da irin tayar don wata kafaɗarta ta fi wata faɗi, da kuma yadda sifirin ɗinka suka zauna. Abu ne na cire noti biyu uku ko a ɗan gasa robar a tura ta baya. Amma ka sa a ɗora ɗaya a gaba tukun a sauke mota ƙasa a karya sitiyari dama da hagu kafin ka biya kuɗin sauran.

Bakano: Damagarawa ana ta fama, mota ɗaya gari guda ya taru. Malam ka shigo Kano kawai ka huta, Ƙofar Ruwa rim kala-kala sai wanda ka zaɓa, da sefarka a hannu ma kai ne sarki

Hajiya Mai Hilux: Bakano kai da aka ce a bar jant ɗin ma gaba ɗaya kai kuma kana tallar na garinku, halin dai ba ya ɓuya

Bakano: Hajiya ranki ya daɗe ai taimako ne irin na maƙwabta. Amma da gaske, tunda wasu za su karanta su je su saya duk da haka, a gaya musu yadda ake duba rim. Ba duk mai huji shida ne ke shiga ba.

Oga Garaj: Wannan gaskiya ne. Prado hujinta shida ne, 6x139.7, iri ɗaya da Hilux katkat da Land Cruiser 80. Land Cruiser 100 da 200 huji biyar ne 5x150, ba ruwansu da kai. Navara D40 shida ne amma 114.3, da ido za ka ce ɗaya ne sai ka zo ɗorawa. Pajero ta zamani hujin notinta ya yi daidai amma ramin tsakiyarta milimita 67 ne, na Toyota 106, ba zai zauna ba, kuma kar wani ya ce maka a kai wajen mai tur a buɗe ramin. Sai lambar ET da ke bayan jant, ita ke nuna ko taya za ta shige ciki ko ta fito waje, na Prado 120 wajen 30 yake, in ka samo mai 0 ko ƙasa da haka taya ta fito waje sosai, tana watsa tsakuwa a jikin mota kuma rulma na shan wahala. Abu na ƙarshe da mutane ke rainawa shi ne noti. Jant alminiyam na Toyota notinshi mai wasa ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, na kasuwa yawanci mai tsinin gindi suke so, in ka haɗa su ba daidai ba zai ɗauru kamar lafiya amma yana kwancewa a hanya.

Ɗan Gayu: To ni nawa 20 ɗin shekara nawa ina yawo ba abin da ya same ni

Mai Faci Zango: Ɗan Gayu in faɗa ko na yi shiru?

Ɗan Gayu: Yi shiru maigida, sirrin kwastoma amana ne hahaha

Hajiya Mai Hilux: Ni tambayata a kan tayoyin Beljik ɗin ne da yaron ya ce zai haɗa mishi. Direbana kullum su yake kawo mini wai sun fi sababbin Sin ƙarko, ni kuma hankalina bai kwanta ba, mota ce da ke ɗaukar kaya zuwa Matamai da Magarya ran kasuwa.

Mai Faci Zango: Hajiya abin ba a rantse a kai ba ne, akwai na kirki akwai gawa. Ki koya wa direban duba shekara. A gefen taya akwai inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in kin ga 2319 to sati na 23 ne na 2019 aka yi ta. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai take sai an juya tayar. Masu yin tayar da kansu cewa suke in ta shekara biyar a dinga sa mata ido, in ta kai goma a jefar ko da zanenta na nan, to balle mu nan da watan Afirilu da Mayu zafi ke wuce 40, guduro kuwa ya fi haka nesa. Na biyu ki duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, in kuma kin ga zanen cike da ƴan ƙananan tsage-tsage to tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, zanenta zai burge ki a kasuwa amma zafinmu cinye ta yake da sauri. Na uku a sa hannu a shafa cikinta a nemi faci, a lanƙwasa gefen a ga ko ya yi tsatstsage. Akwai kuma masu bin zanen da wuƙa mai zafi su ƙara mishi zurfi ta koma kamar sabuwa, in kin duba cikin zanen ba ki ga ɗan tudun nan da kamfani ke sawa na alamar ƙarewa ba to an sassaƙe ta.

Mushe: Ɗan tudun nan a milimita 1.6 yake, in zane ya zo daidai da shi taya ta gama aiki

Ɗan Birni: To ni yanzu tsakanin Beljik mai babban suna da sabuwa ta Sin wace zan ɗauka? Don su BFGoodrich da Michelin sababbi na tambaya, kuɗina ba za su kai biyar ba ko kusa

Oga Garaj: Nan ne za a rabu. Ni sabuwa nake cewa ko da mai sauƙin kuɗi ce, don ka san tarihinta, kuma biyar ɗin za su zo iri ɗaya zane ɗaya shekara ɗaya. Beljik da wuya ka haɗa biyar masu zurfin zane ɗaya, sai ka ga biyu wannan kamfani biyu wancan.

Baba Direba: Ni kuma ban yarda da kai ba a nan Oga. Sabuwa mai arha gefenta kamar takarda, kututture ɗaya ko ƙayar aduwa ta shige. Gara tsohuwa mai ƙwari wadda aka rubuta LT a jikinta, irin ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, in shekarunta ba su yi nisa ba. Daji ba ya tambayar sabunta, kauri yake tambaya.

Oga Garaj: Baba ai sababbin ma akwai LT, ba sunan ƙasa za a duba ba rubutun jiki za a duba. Alhaji bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 112S ko 115T. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1120, 115 kuma 1215, harafin gudu ne, S 180 T 190. Kar ka sauka ƙasa da abin da ke jikin takardar ƙofar direba. LT ɗin da Baba ke so ta fi jure ƙaya da kaya gaskiya ne, amma ta fi nauyi ta fi tauri, a cikin gari za ka ji kowane rami a ƙugunka kuma 2.7 zai ƙara shan mai. Hilux ɗin Hajiya mai ɗaukar buhuna ita ce ta LT. Kai mai iyali da ɗan rairayi jefi-jefi A/T, wato mai bin guduro da daji duka, ta talaka mai 115 ta ishe ka. M/T mai manyan haƙora kuwa ka bar wa masu taɓo, a rairayi tona rami take, a guduro kuma kuka har Yamai.

Baba Direba: A kan M/T dai mun haɗu. Sauran kuma na bar ka da ra'ayinka, ranar da ya faso gefe a bayan Kelle zai tuna da ni

Hajiya Mai Hilux: Baba kar ka yi mishi baki mana

Baba Direba: Ba baki ba ne ƴata, Allah ya tsare shi, cewa nake ya riƙe sakur mai kyau

Ɗan Birni: Yawwa maganar sakur, ni da niyyata na sayi huɗu na bar sakur ɗin yadda take tunda ba ta taɓa aiki sosai ba, na rage kuɗi

Oga Garaj: Duba ɗan ƙaramin liba na kusa da na bites ka gaya mini me aka rubuta a kanshi

Ɗan Birni: H, HL, N, LL

Oga Garaj: To taka kullum ƙafa huɗu take ja, ba irin Hilux ba ce da ake sa katkat a cire. Akwai difaransiyal a tsakiya da ke raba ƙarfi gaba da baya. In ka sa taya ɗaya 776 sauran 803 ita ƙaramar tana juyawa fiye da ƴan uwanta kowane mita, difaransiyal ya yi ta aiki ba hutu yana zafi, ABS ma na iya rikicewa. Daga Karkada zuwa wajen mai faci ba komai, a hankali. Amma a ce ka fashe a bayan Gure ka dawo Damagaram kilomita sama da 150 a kanta, ban ba ka shawara ba, in ka sa HL a guduro kuwa, wato ka kulle difaransiyal ɗin tsakiya, ya fi muni. Kuma sakur ɗin da ka ce ba ta yi aiki ba je ka duba DOT ɗinta, tana rataye a ƙofar baya rana na dukanta, ba mamaki ta girmi ɗanka na fari.

Ɗan Birni: Na duba yanzu da tocilan, 4111 hahaha innalillahi

Mai Faci Zango: 2011! Alhaji wannan ko kyauta aka ba ni sai dai na yanka ta a yi guga da takalmi

Mushe: In kuɗi sun matse akwai tsaka-tsaki, huɗu sababbi, ta biyar Beljik mai ɗan shekaru kaɗan amma lamba ɗaya 265/70R17. Baba ya samu nashi Oga ya samu nashi. Sai dai ka sani murfin sakur na ƙofar baya wataƙila ba zai rufe ta ba. Wani abu kuma, kwantar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya kaɗan, bambancin kashi 3.4 ne cikin 100, in allura ta nuna 100 kana wajen 103 a kan yadda take nunawa da. Kilomita ma haka, in ta ƙirga 100 ka yi 103 da ɗori, saboda haka in ka zo lissafin mai kar ka tsorata, wani ɓangaren ƙarin da za ka gani na lissafi ne, wani kuma na gaske ne don taya ta ƙara nauyi. Bidanj, wato canjin man inji, ma ka ɗan riƙa yi da wuri. Ka buɗe GPS na waya a hanyar Mirya ka gwada da kanka.

Bakano: To Malam in sababbi ne ma ka tambayi farashin Kano kafin ka saya, ta Kwangwalam yini ɗaya ka je ka dawo

Hajiya Mai Hilux: Ya haɗa da kuɗin mai da na duwan da wahalar shingaye tukun ya ga ko ribar na nan. Kuma in taya ta fito da matsala wa zai koma wa? Na gida ko ba komai ka san shagonshi. Kaya dai sun yi tsada ko'ina tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 aka koma zagayowa ta Lome, ba Beljik ba ba sababbi ba

Admin: Jama'a a tsaya kan taya dan Allah, kar a shiga siyasa. Masu turo hoton kayan sayarwa kuma ranar Asabar ce ranar talla, na goge guda biyu.

Baba Direba: Ɗana abin da ya rage cikin kuɗin kar ka sai fitilu da kwalliya. Sayi ɗan kwampuresa mai kama batir da abin auna iska naka na kanka. Kan guduro ka bi abin da aka rubuta a ƙofa, wajen kilo 2 ne ko sama kaɗan in da kaya. In ka shiga rairayi mai laushi ka sauke zuwa 1.5, in ta kafe ka sauka har 1.2, amma ba gudu ba karya sitiyari da ƙarfi. Kana hawowa guduro ka tsaya ka mai da iskarka, kar ka ce bari na kai gari, taya mara iska a zafin rana da gudu ita ce ke fashewa. Kuma da safe ake auna iska kafin mota ta yi tafiya.

Mai Faci Zango: Abin awon nan ku saya da gaske, mu kanmu wani namu ya gaji, yaro sai ya buga taya da ƙarfe ya ce ta yi, ka je ka auna ka tarar kilo 3 da rabi

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na tsai da magana, jant ɗina na nan, 265/70R17 A/T huɗu sababbi, sakur na nemi Beljik mai kyau lamba ɗaya, in canji ya ragu kwampuresa. Yaron Sabon Gari zan ba shi haƙuri. Oga gobe in sha Allah zan biyo da guda ɗaya a gwada a gaba kafin na biya sauran

Oga Garaj: Allah ya kai mu, ka zo da safe kafin rana ta yi. Ka ware kuɗin ekilibraj da paralelism a ciki, kuma zan duba rotil da silanbulok tukun don in suna da wasa sabuwar taya gefe ɗaya za ta cinye. Bawul ma a sa sababbi. Noti kuma da hannu za a ɗaure ba yaro ya hau kan kile yana tsalle ba, in ka yi kamar kilomita 50 zuwa 100 ka dawo a sake bin su.

Ɗan Gayu: To yaya tunda ka fasa turo mini lambar yaron ta pirive, ƙanena na neman 20 na Hilux ɗinshi

Mai Faci Zango: Ka ba ƙanen naka lambata shi ma. Alhaji tsofaffin huɗun kuma kar ka bar su a garaj, masu amalanke na tambayata 17, kawo na gani mu yi ciniki